Ƙwallon Dabino a Aljihun Kawu

Ranar Talata da hantsi Kawu ya cika, a ɗakinsa da ke Yalwawa, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ana idar da sallar la'asar aka kai shi makwanci. Waɗanda suka raka shi sun ce ƙasar ta yi laushi saboda ruwan da aka yi ranar Litinin, haƙan bai ba su wuya ba. Inna ta ce, "Haka yake. Bai taɓa son wahalar da mutane ba."

Kawu yayan mahaifiyata ne, Inna kuwa matarsa ce. A hannunsu nake tun da na baro Miga na shiga jami'a. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba. Uwata yake ce mini.

A cikin gida na yi zaman makoki, a gefen tabarmar Inna. Ba abin da nake cewa sai amin, shi ma a ciki. Amma kunnena a buɗe yake, don sauraro ne kawai abin da na iya tun ina ƙarama.

Mutanen Miga ne suka fara cika tsakar gidan. Gwaggo, ƙanwar kakanmu, wadda ta goyi Kawu yana jariri, ta gama kukanta, ta share fuska da gefen mayafi, sannan ta juya wajen Inna.

"Ni kam har ya tafi ban san aikin da yake yi a jami'ar nan ba. Ba an ce ya yi ritaya ba?"

"Ya yi, Gwaggo, sai suka sake ɗaukarsa. Malaman yake koya wa yadda ake koyarwa."

"Malaman jami'a? Waɗanda suka ƙure boko?"

"Su ɗin."

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Ashe rijiya ma ana kai mata ruwa."

Mata suka yi dariya da jiƙaƙƙun idanu, sannan kowa ta tuna inda take, aka koma salati.

Washegari malamai mata na jami'a suka shigo. Wata matashiyar Malama a cikinsu ta durƙusa gaban Inna ta kasa ko gaisuwa, kuka kawai take yi, har Gwaggo ta raɗa mini, "Wannan 'yar wane ɗaki ce ban santa ba?" Inna ce ta amsa mata: "'Yarsa ce ta wurin aiki."

Ranar uku Farfesa ya zo. Shi ne babban malamin sashenmu na labarin ƙasa, kuma abokin Kawu tun suna samari. Ya tsaya a bakin zaure, ya yi wa Inna gaisuwa, ya yi addu'a mai tsawo. Sai ya ce, "Hajiya, ni da shi mun yi faɗa, mun kuma shirya. Amma akwai maganar da na yaɓa masa, har yau tana ci mini rai." Yana faɗin haka idonsa ya faɗo kaina. Na sunkuyar da kai. Da ni da shi duk mun san maganar, don a kaina aka yi ta.

Kawu ya yi shekara bakwai yana koya wa malaman jami'a yadda za su sa ɗalibai su buɗe baki a aji. Ni kuma 'yar gidansa ban taɓa buɗe nawa ba. Ya tafi yana jiran in yi magana sau ɗaya tak. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don kada a manta da shi, kuma don in faɗi abin da ya faru bayansa.

Kawu ba dakta ba ne, ba farfesa ba. Ɗan malamin zaure ne. Kakanmu yana da zaure a Miga inda magidanta ke ɗaukar karatun littattafai bayan sun dawo daga gona. Sai da Kawu ya yi wayo sosai aka sa shi boko. Ya yi kwalejin horar da malamai, ya koyar a firamare, ya zama hedimasta, daga baya ya koma horar da malamai har ya yi ritaya. Bai cika shekara a gida ba jami'a ta kira shi, ta ba shi wani ɗan ofis a ƙarshen baranda, aka ce ya taimaka wa malamai su rungumi sababbin dabarun koyarwa.

Shi dariya kalmar take ba shi. Yakan ce, "Wace sabuwa? A zauren Malam ɗalibi ne ke jan baƙi. Shi zai karanta da bakinsa, Malam ya saurara, ya fassara, ya gyara. Ba mai tashi daga gabansa bai yi magana ba. Mu kuma mun gina ɗaki mai fanka, mun zuba yara ɗari uku, mutum ɗaya yana magana awa biyu, su suna kwafa. To ku faɗa mini, wa ya ci gaba?"

Kayan aikinsa ƙwallon dabino ne. Kullum bayan asuba yakan ci dabinon garin nan da shayi, ya wanke ƙwallayen, ya shanya su a bakin taga. Idan zai fita sai ya cika aljihun hagu na rigarsa da su. Yakan nemi izinin malami, ya shiga ajinsa ya zauna a bencin ƙarshe kamar ɗalibi. Duk lokacin da wani ɗalibi ya yi magana, tambaya ce ko amsa, daidai ce ko kuskure, sai ya ɗauki ƙwallo ɗaya daga hagu ya mayar aljihun dama. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba daga dama zuwa hagu ba. Ya ce, "Abin alheri ai dama ake sa shi, Uwata."

Abu ɗaya ne ba ya lissafawa. Idan malami ya ce, "Kun gane?" aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Eh!" hannun Kawu ba ya motsi. Yakan ce wannan amshi ne, ba magana ba ce.

Bayan lacca sai ya bi malamin ofis, ya rufe ƙofa, ya juye abin da ke aljihun dama a kan tebur. Ba ya cewa komai sai malamin ya tambaya. Wani uku zai gani, wani ɗaya. Daga nan hira take farawa. Rufe ƙofar nan ƙa'ida ce a wurinsa, don yakan ce ba a yi wa babba aski a kasuwa.

Inna ta sha fama da shi a kan ƙwallayen nan. Aljihu ya ɓule ta ɗinke, ta zo wanki su zubo mata a baho. Idan ya zo fita tana ganin aljihun ya kumbura sai ta ce, "Malam, aiki za ka ko dara?" Shi kuma ya ce, "Dara ce, Hajiya, amma da farfesoshi nake bugawa."

Kowace Laraba bayan azahar yana zama da malaman da suka ga dama, a ofishinsa, in sun yi yawa su fito ƙarƙashin darbejiya. A nan yake nuna musu dabarun. Malami ya tura wa ɗalibai karatun gobe ta waya, ko da saƙon murya ne, don idan an shigo aji a tattauna maimakon a kwafa. A raba aji biyar-biyar, kowa ya juya ya fuskanci ɗan'uwansa. A ƙarshen darasi kowane ɗalibi ya rubuta abu ɗaya da bai gane ba a guntuwar takarda, ba suna. Shi kansa da tsufansa ya koyi wayar, da yatsa ɗaya yake latsawa, tabarau a ƙarshen hanci, kuma bai taɓa jin kunyar tare ɗalibi a hanya ya ce, "Ɗana, zo ka nuna mini inda abin nan ya shige" ba. Amma bai yarda na'ura ita ce koyarwa ba. Da aka kawo majigi malamai suna ta murna, cewa ya yi, "Yana da kyau. Sai dai wanda ya kwafe tsohuwar takardarsa ya haska a bango bai canza komai ba, allo ne kawai ya samu mai cin wuta."

Abin da ya fi nanatawa shi ne jira. Ya lura malami yakan yi tambaya, kafin ɗalibi ya haɗiye yawu ya amsa wa kansa, saboda shiru yana ba shi tsoro. Sai ya sa musu doka: bayan tambaya, a ja numfashi goma kafin a ƙara cewa komai. "Tambaya shuka ce," in ji shi. "Wanda ya shuka gero da safe ba ya dawowa da azahar ya tona ya ga ko ya tsiro."

Malamar nan da ta yi kuka, da ta samu natsuwa, ita ta ba mu labarinta a tsakar gida. Ta ce farkon ɗaukarta aiki aka ba ta aji mai ɗalibai sun fi ɗari biyu, ga ta da ƙaramar murya. In ta yi magana ba a ji, in ta yi tambaya a zuba mata ido, wasu samari a baya suna kwaikwayon muryarta. Ta je ofishin Kawu ta ce ita aikin za ta bari. Ya ce ta bari sai bayan Alhamis.

Ranar Alhamis ya shiga ajinta ya zauna a baya. Ta ajiye tukunyar shuka a kan tebur kamar yadda suka tsara, ta tambayi abin da ya sa shukar ta karkata wajen taga. Shiru. Ta ja numfashi goma. Sai ga hannu daga bencin ƙarshe.

"Malama, ai iska ce take tura ta."

Aji ya fashe da dariya. Wani daga cikin samarin nan masu tsokana ya ce, "Haba Baba, wace iska a cikin ɗaki? Haske take bi!"

"Haske?" in ji Kawu. "Ido gare ta?"

Nan fa aka yi caa. Wannan ya ce kaza, waccan ta ce ba haka ba ne, kowa yana so ya gyara wa tsoho. Malama ta ce ranar sai da aljihunsa na hagu ya ƙare tas. Da suka koma ofis ta ce, "Baba, ai ka san amsar." Ya ce, "Na sani. Kuskuren dattijo shi ke buɗe bakin yara. Ni girmana ba ya raguwa don an yi mini dariya, ke kuwa kina buƙatar su ji daɗin ajinki." Yau shekararta huɗu tana koyarwa.

Ni kuwa tun a Miga shiru ne abin da ake yabona da shi. Yarinya mai kunya, ba a jin bakinta. Na taso na ɗauka ado ne. A jami'a littattafaina sun fi na kowa tsafta, kwanan wata a sama, jan layi a ƙarƙashin kowane kan magana, har aro ake zuwa yi. Sau da yawa na san amsar tambaya kafin a gama yin ta. Amma da zarar na yi niyyar ɗaga hannu sai in ji kamar idon duniya duka a ƙeyata yake.

Wata Asabar Kawu ya ɗauke ni a adaidaita muka je wajen Garu, gindin duwatsu, inda yake sayen dabino a hannun wani manomi. Rani ne, ko'ina ya bushe, amma ƙasar wurin da sanyinta. Ya tona da tsinin takalminsa ya nuna mini danshin, ya ce, "Uwata, me ya sa dabino ya fi son gindin dutse?" Mai gonar yana tsaye, da 'ya'yansa biyu. Na kalli ƙasa. Kawu ya ja numfashinsa goma, ya yi murmushi, muka dawo. Da yamma na rubuta amsar a takarda, cewa ruwan sama ba ya shiga dutse, gangarowa yake yi ya taru a gindinsa ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa. Na sa takardar a ƙarƙashin kofin shayinsa. Da safe ya karanta ya yi dariya har da tari. "Amsa ta yi, rubutu ya yi. Sai dai takarda ba ta da ƙwallo."

Faɗansa da Farfesa a shekarata ta biyu ya faru. Ɗaki ɗaya suka kwana a kwalejin malamai, kafin Farfesa ya wuce ya yi ta tara digiri. Farfesa ba ya kiransa sai Hedimasta, shi kuma ya ce masa Mai Takarda. Kuma gaskiya Farfesa masani ne. Takardun laccarsa sun tsufa har sun yi ja, amma abin da ke cikinsu ba wasa ba ne. Karantawa yake yi, mu rubuta, daga shigowarsa har fitarsa.

Wata Talata ya bar Kawu ya shiga ajinmu, cikin raha. "Zo ka zauna, Hedimasta, ko ka ƙaru." Ina layi na uku. Awa biyu cur hannun Kawu bai je aljihu ba.

Washegari Laraba Farfesa ya je taron da kansa, ya zauna a gaba, ya yi ta zolaya. Ya ce aji ba kasuwa ba ne, ilimi daga sama yake gangarowa, wannan raba yara biyar-biyar wasan 'yan firamare ne. Kawu ya daure, ya daure, sai zuciya ta ɗebe shi. A gaban ƙananan malamai, waɗansu ma Farfesa ne ya koyar da su, ya zaro aljihunsa na dama waje, wayam, ya ce, "Ga abin da laccarka ta jiya ta haifa." Wani ya kasa riƙe dariya.

Farfesa ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, ya ce, "Na gode, Hedimasta. Amma kai mai buɗe bakin 'ya'yan mutane, 'yar gidanka shekara biyu tana ajina, ban san kalar muryarta ba. Ka fara da gida."

Ba a wurin nake ba. A madafa na ji, da la'asar, lokacin da Inna ta tsare Kawu ganin ya ture abinci. Ya ba ta labari bai rage komai ba, bai san ina kusa ba.

Inna ta ce, "Ka yi kuskure, Malam. Kowa ƙofa kake rufe masa, shi ka tsiraita shi a gaban 'ya'yan cikinsa."

"Na sani."

"To?"

"Shi ma ai bai yi ƙarya ba."

Ludayi na hannuna na tsaya, har miyar ta kama.

Zango guda ba su yi magana ba. Ƙananan malaman sashenmu suka daina zuwa taron Laraba, ba don an hana su ba, sai don kunyar Farfesa. Da Sallah ta zo Kawu ya sa aka cika masa kwano da dabino, ya tafi gidan Farfesa ya ba shi haƙuri a gaban iyalinsa, ya ce tunda a gaban mutane ya yi laifin, a gaban mutane zai nemi afuwa. Farfesa ya buɗe kwanon ya ce, "Ka cire ƙwallayen, ko sai na ci na tara maka?" Suka yi dariya, aka wuce wurin. Amma Farfesa bai canza laccarsa ba, Kawu kuma bai sake shiga ajinsa ba.

Bai taɓa gaya mini abin da Farfesa ya ce ba. Abin da ya yi kawai, wata safiya ina ajiye masa shayi, ya ɗauki wani dogon ƙwallo, ya yi masa tsaga da wuƙar yankan farce, ya nuna mini. "Wannan naki ne, Uwata. Yana hagu. Ba gaggawa. Ranar da kika yi magana a aji, ke za ki zo ki faɗa mini, na san ba kya ƙarya."

Na gwada, Allah ya sani. Sau uku hannuna yana kaiwa kafaɗa, sai in wayance da gyara hijabi. Shi kuma bai taɓa tambayata ba. Sai dai duk ranar da na dawo daga makaranta na yi sallama, ina ganin hannunsa ya tafi aljihun hagu a hankali, ya tsaya. In gaishe shi in wuce ɗaki, hannun ya dawo kan gwiwa. Da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Da ciwo ya kwantar da shi, ni nake karanta masa guntayen takardun da malamai ke aiko masa, na abubuwan da ɗalibai ba su gane ba. Yana jin daɗinsu fiye da labaran rediyo. Kwana uku kafin rasuwarsa, da rana, na gama karanta wata, sai ya ce in ajiye.

"Uwata, kada ki ɗauka don ni ne, ko don bakin Mai Takarda. Akwai abin da ke cikin kan nan naki wanda 'yan ajinku ba su da shi. Kin ɗauka kunya ce. Wanda ya sani ya yi shiru, rowa ya yi."

Na ce, "To, Kawu." Iyakar abin da na ce ke nan.

Bayan addu'ar bakwai Inna tana ninke rigunansa, tana laluba aljihu kamar yadda ta saba kafin wanki. Ta kira ni. Farar rigar da ya sa ranar ƙarshe da ya je aiki ce. Aljihun dama cike yake. A na hagu ƙwallo ɗaya ne ya rage, mai tsaga. Ta sa mini a tafin hannu ta rufe yatsuna a kai. "Wannan ba ya cikin gado," in ji ta.

Ranar Litinin na koma makaranta. Na bi ta ƙarshen baranda, ofishin Kawu a kulle. Darasin farko na Farfesa ne, a kan yadda garuruwa ke kafuwa. Ya shigo da jajayen takardunsa ya fara karantawa, mu muna rubutawa. Ƙwallon yana cikin hannuna na hagu, na damƙe shi har ya yi mini shaida.

Ya kai wajen rabin shafi sai ya tsaya. Ya cire tabarau. Ya kalle mu kamar yau ya fara ganinmu.

"To ku da kuke zaune a garin nan, me ya sa mutanen dā suka zaɓi gindin duwatsun nan suka kafa gari?"

Alƙaluma suka tsaya a sama. Wasu har sun fara rubuta tambayar, sun ɗauka cikin laccar take. Ba wanda ya motsa. Na dubi Farfesa na ga ƙirjinsa yana hawa yana sauka, leɓensa na motsi kaɗan. Ƙirga numfashi yake yi. Bai iya ba, sauri yake yi, goshinsa har ya yi gumi. Wajen na shida na ga hannunsa ya koma kan takarda, zai ɗauka ya amsa wa kansa. Na san in ya ɗauka ba zai sake gwadawa ba har abada.

Ban ɗaga hannu ba. Miƙewa na yi.

"Ruwa ne, ranka ya daɗe."

Ya sa hannu a bayan kunne. "Ban ji ba. Ɗaga murya."

Na ɗaga. Muryar ta fito kamar ba tawa ba. Na ce ruwan sama ba ya shiga dutse, gangarowa yake yi ya kwanta a gindinsa, shi ya sa ko da rani ƙasar wurin da danshi, shi ya sa dabino ke yi, kuma mutane ba sa zama inda ba ruwa.

Farfesa ya dubi takardarsa, ya dube ni. "Wannan ba ya cikin takardata. Ni tsaro na rubuta."

"Ai tsaron ne, ranka ya daɗe!" in ji wani saurayi daga baya. "Lokacin yaƙi ne, dutse suke hawa."

Wata ɗaliba 'yar gidan makiyaya ta juya ta ce masa, "In sun hau dutsen, tsaro za su sha? Kakana har yau a gindin dutse yake shayar da shanu."

Aji ya ɗauki dariya, hannaye suka tashi. Na zauna. Har lokaci ya ƙare ana musu, Farfesa yana tsakiya yana raba faɗa, ya manta da sauran shafin.

Da aka tashi na bi shi ofis, yadda Kawu yake yi. Ban rufe ƙofa ba, don ba abin kunya na kawo ba. Na ajiye ƙwallon a kan teburinsa. Ya daɗe yana kallon tsagar. Bai tambaye ni ko mene ne ba. Ya ɗauka, ya juya shi a tafin hannu, ya jefa a aljihun rigarsa na hagu.

Na riga na kai bakin ƙofa. Amma ni ba na iya ganin abu ba a wurinsa ba in wuce.

"Ranka ya daɗe, a dama ake sawa."

Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya yi ja. Ya zaro ƙwallon ya mayar aljihun dama, ya dafa wurin da hannu.

"Sau biyu ke nan yau kin yi magana," in ji shi. "Je ki, 'yar Hedimasta."

Ban san ko taron Laraba zai ci gaba ba, ofishin har yanzu a kulle yake. Na dai san da na koma gida na yi sallama, sai da na dubi kujerar Kawu da ke bakin taga kafin na tuna ba ya nan. Sai na wuce madafa na faɗa wa Inna, da bakina.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, har da waɗanda ya yi da gangan don yara su yi magana. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da iyayensa cikin rahama, ya miƙa masa takardarsa a hannun dama.